Ranar da na rera abin da ba a rubuta ba

A cocin ƙauyenmu da ke kudancin Kaduna babu wanda ya taɓa tambayata ko na iya karanta waƙa, domin a wurinmu da kunne ake ɗaukarta: mai ba da waƙa ya ja baiti, jama'a su amsa, kafin a tashi kowa ya haddace. Muryata kuwa ta yi suna har a ƙauyukan maƙwabta, saboda haka da na shiga jami'a na ga sanarwar ɗaukar sababbin mawaƙa a ƙungiyar ɗalibai, sai na ɗauka cewa su ne suka yi sa'a.

Sanarwar ta ce za a gwada faɗin murya da kaifin kunne da kuma rera waƙa daga takarda a ganin farko. Wannan na ƙarshe na fahimce shi da cewa za a ba ni kalmomin waƙa in karanta, ni kuwa tun ina firamare nake karatu ba gargada. Malamin waƙar ya sa na hau na sauka tare da piyano, ya gyaɗa kai, ya ce muryar teno gare ni, wato siririyar muryar maza, sannan ya miƙo mini takarda. Na duba sama na duba ƙasa, ban ga kalma ko ɗaya ba, sai haruffa tsirara, d da r da m da s, an raba su da ɗigo biyu-biyu da sanduna a tsaye, kai ka ce kaji ne suka yi tono a kanta. Cikin ladabi na ce, "Malam, ina jin injin buga takardar ya cinye wasulan."

Bai yi dariya ba. Ya bayyana mini cewa haruffan su ne sautukan waƙa, wato do, re, mi, fa, so, la, ti; ɗigo biyu yana raba bugu da bugu, ɗigo ɗaya yana raba bugun gida biyu, gajeren layi a kwance yana nufin a riƙe sautin, ƙaramar alama a saman harafi kuma tana nufin a ɗaga shi zuwa hawa na sama. Ya ƙara da cewa wani fasto ɗan Ingila, John Curwen, shi ne ya yaɗa tsarin a ƙarni na 19 bayan ya gina shi a kan aikin wata malama mai suna Sarah Glover, 'yan mishan kuma suka kawo shi Afirka domin ya fi ɗigo-ɗigon da ake jerawa a kan layuka biyar sauƙin bugawa da koyo. A raina na ce idan wannan ne mai sauƙin, Allah ya raba mu da mai wuyar.

Ya danna maɓalli ɗaya, ya ce, "Ɗan'uwa, ga do ɗinka nan. Ina sauraro."

Na lallaɓa na kama do, na taka re, na isa mi, kuma a daidai nan ne kunnena ya raɗa mini cewa na san wannan waƙa, domin haka wata waƙar yabo da muke yi lokacin godiyar girbi take farawa. Nan take na rufe ido, na saki murya da kalmomi da komai, ina riƙe da takardar a gabana don girmamawa. Kafin in kai amshi, ɗaliban da ke jiran layi a baranda sun kama, wata mai muryar alto har da tafi, ni kuma ganin kasuwa ta buɗe sai na zarce baiti na biyu da na uku, na rufe da doguwar amin.

Malamin ya bar ni na gama, ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce waƙar ta yi daɗi ƙwarai, sai dai abin da ke takardar atisaye ne na layi biyu wanda shi da kansa ya rubuta da safen nan, kuma bayan mi ɗin nan komawa do ake yi. Na ce masa a ganina inda na bi ya fi armashi, kuma masu tafi a waje shaida ne. Ya ce bai musa ba, amma ƙungiyarsa murya huɗu take rerawa a tare, idan kowane teno ya bi inda ya fi masa armashi, ranar bikin Kirsimeti sai an kira masu gadi.

An rubuta sunana a ajin koyon do-re-mi na yammacin Asabar, tare da alhakin jera benci da ɗauko piyano daga ɗakin ajiya. Da mahaifiyata ta kira ta tambayi yadda aka ƙare, na gaya mata gaskiya cewa yanzu ba a fara waƙa a jami'ar nan sai na iso, ita kuma ta sanar da zumuntar mata a ranar Lahadi.