Tafintan da aka yi wa tafinta a Kumasi

Ranar da shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai Kirista ya ce za a tura mutum goma sha biyu aikin bishara Kumasi ta ƙasar Gana a dogon hutu, ban ma ɗaga hannu ba aka rubuta sunana. An ce unguwar da za mu sauka zango ce, Hausa ake ji, ni kuwa ɗan Wusasa ne, a Zariya aka binne cibiyata. Sauran tawagar Ibo ne da Yarabawa da Tibi, sai 'yar'uwa ɗaya daga Jos wadda aka ba wa riƙon kuɗi. Na daɗe ina tsokanarta saboda in ta ce "mamana ya zo" sai in tambaye ta ko mamar ta fara gemu. To ni aka naɗa tafinta. Har sabuwar riga na ɗinka.

Mama ce ta haɗa mini kaya: ƙuliƙuli, yaji, garin kunu, dambun nama, Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi. Ta cusa su duka a jakar ledar nan mai layi ja da shuɗi, ta ɗaure da igiya. Ni da ita babu wanda ya tsaya ya tuna sunan jakar da kuma ƙasar da za ta.

Ta ƙasa muka bi. Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra, sannan Kumasi, kowace iyaka a sauka a nuna katin rigakafin shawara a sake hawa. Sai bayan isha muka isa unguwar Abowabo, ƙafafuna sun kumbura kamar doyar Zaki Biyam. Gidan da aka kama mana na wani dattijo ne Musulmi, wanda ya ce kakansa Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi ƙasar Tonawa, wato Ashanti, bai koma ba. Muna shiga ya haska jakata da tocila.

"Yaro, yaya sunan wannan jaka a garinku?"

Na ce, "Buhu ne, Baba."

"Buhu? Faɗi mana, ba za mu dake ka ba."

Na sunkuyar da kai na ce Gana-mos-go. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ya san lokacin, 1983, zamanin Shagari, da aka koro mutanensu daga Najeriya. Amma kada in ji kunya, su suka fara, a 1969 Busiya ya kori baƙi, maƙwabtansa Yarabawa da yawa a lokacin suka tafi. "An yi kunnen doki," in ji shi. Ya nuna mana ɗakuna.

Bayan tafinta, an kuma ɗora mini tada mutane addu'ar asuba ƙarfe biyar, saboda ni kaɗai ke da agogon hannu mai ƙara. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, tun da muka shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya. Wayoyi sun gyara kansu. Agogona na gado ne, ba ya karɓar umarnin kowa. Ƙarfe huɗu na dare agogon Gana na fito tsakar gida na fara tafi ina rera waƙar safiya da iyakar muryata. 'Yan'uwa suka fito suna layi kamar kajin da aka yi wa ruwa. Muna cikin baiti na biyu sai ga Baba da butarsa, ya dubi sama, ya dube mu, ya ce, "Ikon Allah. Yau Nasara sun riga ladan." Tun daga ranar, in ya gan ni sai ya ce, "Ladan, ƙarfe nawa a Najeriya?"

Da gari ya waye na fita in gwada aikina. Na sami wani yaro a ƙofar gida na tambaye shi matar Baba, don in gaishe ta. Ya ce, "Ya tafi kasuwa, shina zuwa." Na ce ba Baba ba, Hajiya. Ya ce, "Ee, Hajiya. Ya tafi kasuwa." Na gyara tsayuwa irin ta malamin makaranta na ce masa ana cewa ta tafi. Yaron ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake wa wanda rana ta daka, ya ci gaba da wasansa.

Ashe haka Hausar take. Mace da namiji duk "shi" ne, ba a wahalar da kai. Ƙ da ɗ da ɓ an sallame su. Kyau ya zama "cau", aboki ya zama "aboci", tsire ya zama "cincinga", zoɓo "sobolo", fura "fula". A tsakiyar magana sai a jefo Tonanci, a jefo Turanci, a wuce da gudu. Ni da na zo fassara sai in tsaya baki buɗe, 'yar'uwar nan ta Jos kuwa ta shige cikin matan gida kamar a can aka haife ta. Kwana biyu kawai suka fara ba ta aron turmi. In na yi magana, ita suke juyawa su tambaya, "Me ya ce?" Allah ya isa ban ce ba, amma na ji a jikina.

Rana ta uku na gaji da kunu na ce bari in ci abin da gari ke ci. A bakin titi akwai wata Hajiya mai sayar da abin da suke kira "wace". Wake da shinkafa ne, namu na gida, har sunan ma waken ne aka lanƙwasa, sai dai da karan dafi ake dafa shi ya fito ja-ja. Na zauna a benci da ƙarfin gwiwa. A can kai ne za ka faɗi na nawa kake so, kuma kowane abu da kuɗinsa. Ni ban sani ba. Ta nuna taliya, na gyaɗa kai. Ta nuna garin rogo mai mai, na gyaɗa kai. Ƙwai, ganda, soyayyen kifi, ayabar suya, duk ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, a raina ina cewa lallai mutanen Gana akwai karamci. Ta ɗora baƙin yajinsu mai suna shito, ta miƙo mini a ganye. Shiton nan ya sa na yi hawaye, amma ban bar ko ƙwaya ba.

Na wanke hannu na ce, "Hajiya, nawa ne?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Dubu ɗari da hamsin."

Na ce, "Na'am?"

"Dubu ɗari da hamsin, ɗana. Ƙwai da kifi ne ya sa."

Gumin shito ya bushe, wani sabo ya karyo. Sidi ashirin ne cak a aljihuna. Na yi lissafi, ko an haɗa kuɗin tawagarmu gaba ɗaya har da na motar komawa, ba za su biya wannan ganye ɗaya ba. Na tuna Mama, na tuna yadda za a sanar a coci cewa ɗan bishara yana tsare a Gana kan wake. Na matsa kusa, na rage murya, na ce, "Hajiya, ki dubi girman Allah, ni ɗalibi ne, baƙo ne kuma." Na kwance agogona na ajiye a gefen tukunya. Agogon da ma bai san lokacin garin ba.

Hajiya ta dubi agogo, ta dube ni, sai ta saki ludayi ta kama ciki. Ta kira mai koko, ta kira mai ƙosai, ta kira wani tela daga tsallaken titi, kowa ya zo ya ga ɗan Najeriya da zai ba da jinginar agogo. Telan ne ya ji tausayina ya yi mini bayani. A 2007, zamanin Kufuwo, aka canja kuɗi aka yanke sifili huɗu, dubu goma ta da ta zama sidi ɗaya. Takardu sun canja, bakin manya bai canja ba. Dubu ɗari da hamsin sidi goma sha biyar ke nan. In ka ji tsohuwa ta ce miliyan, sidi ɗari take nufi. Hajiya ta zare ashirin ɗin daga hannuna ta ba ni biyar, ta ce, "Ga canjinka, dubu hamsin. Ka je ka sayi gida."

Daga nan na zama ɗan gida. Kullum da safe in na wuce sai ta ƙwala kira, "Mai agogo!" ta ƙara mini ganda kyauta. Ta san abin da ya kawo mu, ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Ita ce ma ta ba ni labarin yadda babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika a Akra a Istar 2019, lokacin cikarsa shekara ɗari. Ta ce, "Ku yi wa'azinku, amma ban da ƙarfe huɗu."

Asabar ta biyu aka aike ni Kejetiya in sayo batirin lasifika, aka ba ni takardun bishara in raba a hanya. Kasuwar Kejetiya ba wurin ɗan koyo ba ce. 'Yan mata masu dako, kayaye, suna tafe da manyan kwanoni a ka suna cewa "ago, ago", wato gafara, ni kuwa na zaci sunan wani ne har kwano ya goge mini kunne. Na sayi batir, canji ya rage sidi ashirin da 'yan sulalla. Na je wurin motocin tiroto, yaran mota suna kiran unguwanni cikin hanci, na ji wani abu mai kama da Abowabo na faɗa ciki. Minti arba'in muna tafiya, masallatai suka ƙare, Hausa ta ƙare. Da na ga an fara gonakin ayaba na biya da sulallan na sauka.

Can na jiyo kiɗa da lasifika. Na bi sauti na tarar da rumfuna an jera, kujeru ɗaruruwa, jama'a maƙil, wasu na rawa. Na ce Ubangiji ya yi, taron farfaɗowa ne, a nan zan raba takarduna in kuma tambayi hanya. Ban lura cewa kowa baƙi da ja ya saka ba, maza sun yafa zane kafaɗar dama a waje. Ina shiga wata mata ta kama hannuna ta sa ni a layin gaisuwa. Ana farawa daga dama ne a bi mutum ɗaya-ɗaya zuwa hagu, ba a tsallake kowa. Na yi musabaha da mutum ya fi sittin. Sai da na kai ƙarshe na ga ƙaton hoton wata tsohuwa da furanni kewaye. Jana'iza ce. A Kumasi Asabar ranarta ce.

Kafin in juya an zaunar da ni an damƙa mini lemon kwalba mai sanyi. Na sha, don ƙishi ya ci ƙarfina. Wanda ya sha lemo kuwa ba ya zamewa. Aka raka ni wani tebur, mutum ɗaya da littafin rasit, ɗaya da makirfo. Kowa yana ajiye gudummawa ana shelanta sunansa. Na sa hannu a aljihu ina addu'ar sulai ya fito, sai ga takardar ashirin, ita kaɗai, kuɗin ƙungiya. Mai rasit ya riga ya kama gefenta. Mai makirfo ya tambayi sunana, ya kasa faɗa, ya tambayi ranar da aka haife ni. Na ce Lahadi. Da ma su kamar mu suke, namu Ɗanladi nasu Akwasi. Sai na ji lasifika ta ɗauka: Akwasi, takanas daga Najeriya, ya ba da dubu ɗari biyu! Wuri ya kaure da tafi. Wata dattijuwa ta taso da rawa tana kaɗa mini hankici, ta rungume ni tana kuka. Ni ma hawayen ne a idona, nawa na kuɗin mota ne.

Wani mai cincinga a bakin rumfa ne ya cece ni, mutumin Bawku. Na ce masa salamu alaikum da Hausa kamar na ga ɗan ɗakinmu. Na kasa kwatanta gidan Baba, sai na ce akwai wata Hajiya mai wace kusa da tela. Ya tare mini keke mai ƙafa uku, wanda suke kira piragiya, ya yi wa direban magana. Har gaban tukunyar Hajiya aka sauke ni tana kwashe kaya. Ita ta biya. Kafin in isa gida labari ya riga ni.

'Yar'uwa ma'aji ta karɓi rasit ɗin ta manna a littafinta, ta rubuta "gudummawar jana'iza". Ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce ban sani ba. Ta rubuta hakan ma.

Lahadin ƙarshe aka ba ni wa'azi. Cocin ƙarami ne, mutanen arewacin Gana ne suka cika shi, Farafara da Kusasi da Busanga, Hausa ce ke haɗa su. Na ce yau zan wanke kaina. Na ɗauki Luka 15, makiyayi mai tumaki ɗari da ɗaya ta ɓace. Na saki Hausar Zazzau tsantsa, karin magana na bin karin magana, har ina jin daɗin kaina. Coci ya yi tsit. Na zaci Ruhu ne ke aiki. Sai na ga Baba Fasto ya yafito wani yaro, wannan dai da na gyara wa "ta tafi", ya miƙa masa makirfo na biyu.

Na ce, "Tunkiyar nan ta yi nisan kiwo, ta bar garke, ta faɗa ƙungurmin daji inda ba ta san gabas ba balle yamma."

Yaro ya ce, "Tunkiya ya bata." Ya ɗan yi shiru, ya dube ni. "Ya shiga tiroto."

Coci ya fashe. Wata mata daga baya ta ce, "Ya ba da dubu dari biyu!" Baba Fasto ya rufe fuska da Littafin Waƙoƙi, kafaɗunsa na rawa. Haka muka ƙarasa, ni in yi jimla mai tsawon igiya, yaro ya yanke ta da kalma uku, jama'a su ce amin.

Bayan sujada wata tsohuwa ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce, "Dana, wa'azinka ya yi cau. Ka yi kokari da Hausa. A ina ka koya?"

Na ce, "A Zariya, Mama."

"Ayya," in ji ta. "Shi ya sa."