Gidan Da Na Saya Mai Taya Huɗu

Kuɗin fili ne. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, domin in ban faɗa ba uwargida za ta faɗa, kuma tata faɗar ta fi tawa tsawo. Shekara huɗu muna zubin adashi ni da ita, da niyyar mu sayi ɗan fili can hanyar Haɗeja mu huta da gorin gidan haya. Ranar da kwasa ta zo kanmu na cusa kuɗin a aljihun 'yar ciki, na bi wani dillali zuwa ganin fili. A hanya ya ce mu ɗan ratse Bompai ya karɓi saƙo a wani tsohon gida. Da na zauna a kan babur na jira shi, da yanzu ina da katanga.

Wata mota ce can ƙarshen gidan a gindin darbejiya, an ɗora ta a kan bulo huɗu. Bosuwaja ce, irin doguwar nan da ake kira Kombi, mai faffaɗan goshi da fitilu biyu zagayayyu kamar idon wanda aka tasa daga barci. Na leƙa ta taga don in yi dariya, sai dariyar ta maƙale. A ciki akwai kujera mai miƙewa ta zama gado, akwai kabad, akwai tebur, akwai ɗan wurin wanke kwano da famfonsa. Maigadin gidan ya shiga ya tura rufin sama, rufin ya ɗaga kamar bakin kada, sai ga wani gadon a bene. Wata kaza ta fito daga kabad ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai karɓar haraji.

Mai gidan ya ce ƙirar 1974 ce, kuma kamfanin Westfalia na Jamus ne ya yi mata kayan ɗakin. Wasu Jamusawa mata da miji ne suka keto Sahara da ita, ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, a zamanin da Turawa ke yin wannan tafiya su sauka a masaukin 'yan yawon buɗe ido na titin Bompai. Da yawansu in sun iso sai su sayar da motar su hau jirgi su koma. Mahaifinsa ya saya, ya yi ɗan yayinta, ya ajiye.

Ni dai abin da kunnena ya riƙe shi ne ta keto Sahara. Ban tambayi me ya sa daga nan ba ta ƙara keta komai ba.

Da yamma janwe ya sauke ta a tsakar gidanmu. Uwargida ta fito da ludayi a hannu, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, “Abban yara, ina filin?”

Na ce, “Ai wannan ya wuce fili. Fili ne da gini a kansa, har da bene. Ba rigimar iyaka, ba wanda zai zo ya ce gonar kakansa ce. In maƙwabta ba su yi miki ba sai mu tayar da gidan mu sake unguwa.”

Ta ce, “To tayar mu gani.”

Wata bakwai kenan da wannan magana kafin in iya ba ta amsa.

Bakaniken farko da na kawo yaro ne mai kuzari, gwanin Honda da Toyota. Ya tsaya a gabanta yana lalubar inda ake buɗe bonet har ya yi gumi. Ƙaramin ɗana ne ya kira shi daga bayan motar ya ce, “Kawu, ga wani janareto nan a ƙarƙashin gadon.” Ya zagayo, ya tsuguna, ya leƙa injin, ya girgiza kai cikin jimami, ya ce, “Alhaji, an cuce ka. An sace lagireto.” Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari na tafi Ƙofar Ruwa na sayo lagireto mai kyau, na ɗauko shi a ka kamar kayan lefe. Kwana biyu yaron yana neman inda zai ɗaura shi. A na uku ya daina ɗaga waya.

Wani mai faci ne ya yi mini kwatancen wani dattijo a Sabon Gari da kowa ke kira Baba mai Bosuwaja. Ya koyi aiki tun lokacin da masana'antar Legas, wadda aka buɗe a 1975, take fitar da ƙananan Bosuwaja masu kama da kunkuru, kowane malamin makaranta da ya sami bashin mota ita yake saya. Baba ya zo da jakar sufanunsa, ya ga lagireton jingine da bango, ya tambayi na mene ne. Da na gaya masa sai da aka kawo masa kujera. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sha ruwa, ya dube ni, ya sake sabuwa.

“Ɗana, wannan ba ta shan ruwa. Raƙumi ce. Iska ke sanyaya ta.”

Ya nuna mini fankar da ke hura wa injin iska, da fambel guda ɗaya tal da ke juya fankar tare da abin cajin batir. Ya ce in riƙe abu uku kamar yadda na riƙe sunan 'ya'yana. Baƙin mai lita biyu da rabi take ci, a juye shi duk kilomita dubu biyar, domin ba ta da filta sai wata 'yar rariya a gindin injin. Tiyon fetur a canza shi kafin ya tsage, don a saman injin mai zafi yake bi, kuma Kombin da wuta ta ci a duniya ba su ƙirguwa. Na ukun, in jar fitila ta kama ina cikin tafiya, in kashe mota nan take ko da a tsakiyar gada nake, don fambel ne ya tsinke, fanka ta tsaya, injin yana dahuwa. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in fita ba tare da fambel na ko-ta-kwana ba. Na ce to. Wannan “to” ɗin ku riƙe mini ita.

Aikin Baba abin kallo ne. Ba ya saita bawul sai injin ya kwana ya huce, sai ya zo da sassafe da wata 'yar siririyar wuƙar awo, ya zura ta, ya ce tazarar milimita 0.15 ake so, kaurin gashin gemu biyu. Yana aiki yana yi wa motar magana a hankali kamar mai lallashin amarya. Ni kuwa aikina biyan kuɗi. Duk abin da babu a Kano sai an aika Ladipo a Legas, kuma rabin kayan da ke zuwa rubutun Birazil ne a jikinsu, domin can aka ci gaba da ƙera irinta har ƙarshen 2013, shekara talatin da huɗu bayan Jamusawa sun daina. Wata rana aka aiko mini kafireta, aka buɗe kwali sai ga ta injin markaɗe. Wannan ban gaya wa uwargida ba. Yanzu za ta ji.

Sai bodi. Ranar da na fara zama a kujerar direba na taka kuloci, ƙafata ta zarce ta taɓa ƙasar Kano. Tsatsa ta cinye daɓen tas, tabarmar roba ce kawai ke rufa asiri. Mai walda ya ce sabon ƙarfe da tsada, amma yana da wani mai kauri da ya saya wurin 'yan gwangwan. Ya yi aiki mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai har gobe in ka ɗaga tabarmar gefen direba za ka ga an rubuta ANA YIN ALLURA DA ƘARIN RUWA.

Tantin rufin kuma ɓeraye sun gama da shi, sai na kai wa mai ɗinka tampol ɗin A Daidaita Sahu. Ban sa shi ba, ban roƙe shi ba, ya ɗinka mini MAHAƘURCI MAWADACI da jan zare a gefe, ya ce kyauta ce. Mai fenti na ce masa shuɗi da fari nake so, irin na hotunan da nake gani a intanet. Na dawo bayan kwana uku na tarar da ita rawaya shar. Ya ce ragowar fenti ne ya rage masa, kuma ai ya rage mini kuɗi.

Ranar da ta tashi, unguwa ta fito. Kukan injin Bosuwaja ba ya kama da na kowa, wani tat-tat-tat ne kamar keken ɗinki ya yi fushi. Tsofaffin layinmu suka tsaya suna murmushi, kowa yana tuna wani hedimasta. Na so in yi ribas in burge uwargida, giya ta ƙi shiga, na ci gaba da kokawa da ita har na tura turken akuya. Baba ya leƙo ta taga ya ce sai an danna sandar ƙasa tukuna. Ya ce dawaki hamsin ne a injin tun daga Jamus, amma in yi haƙuri, ashirin sun mutu, goma kuma sun tsufa.

Na sa ranar Asabar, cikin hunturu, na ce za mu je Dam ɗin Tiga mu kwana a bakin ruwa kamar Turawa. Tafiyar ba ta fi kilomita saba'in da 'yan kai ba. Uwargida ta dafa shinkafa da wake, ta shiga ta zauna ba ta ce uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

A cunkoson Na'ibawa muna tsaye sai na ji an ja ƙofar gefe. Wata tsohuwa ta shigo da ƙullin kaya da zakara, ta zauna a kan gadona, ta miƙa wa babban ɗana kuɗi ta ce, “Kwandasta, Kura zan sauka.” Na juyo na ce, “Iya, ba ta haya ba ce, gida ne.” Ta dubi fentin, ta dubi famfon, ta ce, “Allah Ya kyauta. To gidan zai bi ta Kura?” Uwargida ta matsa mata, ta zuba mata shinkafa. Tun daga nan suka zama jam'iyya ɗaya.

A Kura Iya ta ce ta fasa sauka, za ta ƙarasa gaba wurin 'yarta, tunda motar akwai abinci. Tirela tana wuce mu, mai babur ɗauke da buhu uku yana wuce mu, ni kuwa ina riƙe da sitiyari mai faɗin faifai ina jin kaina Bajamushe. Sai jar fitila ta kama.

Na kashe, na gangara gefe, na buɗe baya. Fambel ya tsinke, ya kwanta kamar mataccen maciji. Na kira Baba.

“Ɗauko na ko-ta-kwanan.”

Na yi shiru. Kuɗinsa na sa na sayi labule.

Baba ya ja numfashi ya ce, “Akwai igiya?” Babu. Ta zakaran Iya ce kawai, ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Ya ce, “Wane irin wando ka sa?” Na ce na shadda. “Mai zariya?” Na ce e. Ya ce, “To zare ta. Ka zagaya ta a kan ƙafafun nan biyu da fambel ke hawa, ka ɗaure tamau, ka tafi a hankali kamar mai rakiyar gawa.”

Abin mamaki, ta yi. Fitila ta mutu, fanka ta juya. Na tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da mutuncina. Ba mu yi nisa ba muka iske shingen jami'an hanya. Mutumin kirki ne, bai nemi komai ba, mamaki ne kawai ya kama shi. Ya ce in sauko. Na sauko a karkace. Ya karɓi takardu, ya leƙa ya ga gado da tukunya da tsohuwa da zakara, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, wai da gaske rufin yana ɗagawa? Don Allah in nuna masa.

Rufin nan da hannu biyu ake tura shi.

Ba zan tsawaita ba. Rufi ya yi sama, wando ya yi ƙasa, kusan a lokaci guda. Allah Ya taimake ni rigar doguwa ce, amma ba ta kai yadda nake buƙata ba. Jami'in ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, ya miƙo takarduna ta bayansa ya ce, “Oga, Allah Ya kiyaye hanya.” Iya ta ce wa uwargida, a hankali amma yadda kowa zai ji, “'Yar nan, haƙuri za ki yi. Nawa ma haka ya fara, da jimina.”

Zariyar ta kai mu daf da Kwanar Gafan, kasuwar tumatir, nan ita ma ta ce ga garinku. A hanyar Zariya, zariya ta ƙare. Magariba ta yi, sai muka kwana a nan tsakanin kwandunan tumatir. Kuma a nan dole in yi wa Jamusawa adalci: gadon ƙasa ya ɗauki uwargida da Iya, na bene ya ɗauki yara, famfo ya ba da ruwan alwala, labulen da na saya da kuɗin fambel ya tare iskar hunturu. Duk abin da ke cikin motar nan ya yi aiki, ban da motar. Ni na kwana a kujerar direba, ƙafata a kan allura da ƙarin ruwa. Zakara ya tashe mu da asuba daga cikin kabad.

Wata J5 da ta sauke kwanduna ce ta jawo mu Kano da igiya, ni a baya ina riƙe da sitiyari da wandon aro. Da muka iso uwargida ta ɗauko wani littafi da ban san da shi ba, ta karanta mini lissafi tun daga janwe har lagireto, wanda yanzu take shanya kuɓewa a kansa. Jimillar ta isa fili da harsashi. Ta rufe littafin ta ce, “Abban yara, tunda gida ka ce ka saya, ai bai kamata ya zauna ba kowa ba.” Ta miƙo mini filo da bargo.

A safiya ta huɗu na ja ƙofar gefe na fito da buta a hannu, sai ga mai gidan da muke haya a tsaye, ya zo karɓar kuɗinsa. Ya dube ni, ya leƙa ya ga gado da labule, ya ɗaga kai ya ga bene. Ya ciro biro ya ce, “Malam, ashe ciki da falo ka ƙara a gidana ba ka sanar da ni ba. Daga wannan watan akwai ƙari.”