Ku daina ɗora wa maigadi laifin Y-12

Tun jiya nake ganin wasu a ƙarƙashin wani rubutu kan kutsen da aka yi a Y-12, wata cibiyar makaman nukiliya ta Amurka, suna cewa ai an kori maigadin da ya fara isa wurin, magana ta ƙare. Ta ƙare? Tsohuwa 'yar shekara 82, Sista Megan Rice ta cocin Katolika, da wasu dattijai biyu, dukkansu masu adawa da makaman nukiliya, da almakashin yanka waya da tocila, suka yanka shinge uku kafin asubar 28 ga Yuli 2012, suka isa bangon ginin da Amurka take ajiye yuraniyom ɗinta na ƙera bom a garin Oak Ridge na jihar Tennessee, suka fesa fenti, suka watsa jini, suka buga guduma, suka tsaya suna jiran a zo a kama su. Kuma ku ce matsalar mutum ɗaya ce da ya zo bai ɗaga bindiga da wuri ba. Haba jama'a!

Laifin na mai sa ido ne. Zan faɗa sau goma in ta kama.

Kyamarar da take kallon wurin da suka ɓulla ta yi kusan wata shida a lalace. Wata shida. Maigadi ne zai gyara kyamara? Ƙararrawa ta saba ihu ba dalili har mutane suka daina ɗaukarta da muhimmanci. Wanda ya ji ƙarar gudumar ya ɗauka ma'aikatan gyara ne, domin an saba su zo ba a sanar da masu gadi ba. Wannan duk Sufeto Janar na Ma'aikatar Makamashi ne ya rubuta a rahotonsa na Agustan shekarar, ba ni na ƙirƙira ba. To ina jami'an gwamnati na hukumar NNSA, mai kula da makaman nukiliyar Amurka, da aka zaunar a wurin, albashinsu kawai don su duba 'yan kwangila? Suna nan. Suna karɓar rahoton da ɗan kwangila ya rubuta a kan kansa, suna sa hannu, suna ba shi maki mai kyau. Madalla da aiki.

Wani ya ce mini, ai a lokacin kamfanin B&W ne ke gudanar da wurin, kamfanin WSI ke gadi, gwamnati ba ta da hannu. Wa ya ba su kwangilar? Wa ya raba aikin gida biyu, kayan tsaro a hannun wannan, masu bindiga a hannun wancan, kowa yana nuna ɗan'uwansa? Yuraniyom ɗin na wa ne? Kana iya ba da hayar gadi, amma alhakin yana nan a wuyanka.

Ga wanda ya fi ba ni dariya, irin dariyar da ba ta daɗi. Bayan wannan abin kunya aka turo masu bincike su yi wa masu gadin jarrabawa. Sai ga takardar tambayoyin a cikin motar sintiri. An riga an tura wa ɗan kwangila ya duba, ita kuma ta zaga hannu hannu. Makonni kaɗan fa bayan tsohuwar ta shiga. Kuma ba farau ba ne: a 2004 wani rahoton Sufeto Janar ya nuna cewa a atisayen hari na 2003, a wannan wuri dai, masu gadi sun san shirin maharan tun kafin a fara. An ba kura ajiyar nama, sannan aka ce ita za ta ƙirga abin da ya rage.

Kada ku ce Oak Ridge ce kawai. A tashar lantarki ta nukiliya ta Peach Bottom a jihar Pennsylvania, a 2007, an kai wa hukumar NRC, mai sa ido kan tashoshin nukiliya, ƙorafi cewa masu gadi suna barci a bakin aiki. Me ta yi? Ta miƙa wa kamfanin Exelon, mai gudanar da tashar a lokacin, ya binciki kansa. Ya bincika, ya ce bai ga komai ba. Sai da wani maigadi ya ɗauki bidiyon abokan aikinsa suna sharar barci, gidan talabijin ya nuna, sannan kowa ya farka. Tarar da ta biyo baya dala 65,000 ce. Ga kamfani irin wannan, kuɗin shayi.

Maganar gaskiya, ina jin tausayin masu gadin nan. Ka tsaya dare bayan dare kana jiran harin da wataƙila ba zai zo ba har ka yi ritaya, ido ya gaji, zuciya ta saba. Ɗan Adam ne. Shi ya sa ake buƙatar wani daga waje, wanda ba ya cin abinci a hannun kamfanin, ya zo ba sanarwa, ya gwada shingen da kansa, ya tambayi ranar da kyamara ta mutu da wanda ya ce a bar ta. Idan wannan mutum ya zama mai buga hatimi, to babu tsaro, akwai takarda kawai. Da a ce waɗanda suka shiga ranar ba masu addu'a ba ne fa?

Masu cewa ai ba su shiga cikin ginin ba, kun ji kanku kuwa? Siminti ne ya yi aikinsa, ba mutane ba. Kuma wadda ta tona asirin ita aka yanke wa ɗaurin wata 35 a 2014, sai a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin zagon ƙasa aka sake ta.

Af, kun san a lokacin WSI ɗin nan reshen G4S ne, kamfanin gadi na Birtaniya? A wannan watan na Yuli 2012 dai G4S ta kasa kawo masu gadin da ta yi alkawari a gasar Olamfik ta Landan, sai da gwamnatin Birtaniya ta ƙaro sojoji dubbai su tsaya a ƙofa suna duba jakunkunan 'yan kallo. Wasu ma daga hutu aka kira su. Wata ɗaya, kamfani ɗaya, nahiya biyu.