Nasiha ga Yaranmu Masu Kaɗa Piyano a Majami'a

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

Ranar Laraba bayan addu'ar yamma a majami'armu da ke Sabon Tasha, na tsaya tattara littattafan waƙa. Jama'a sun watse, saura wata gwauruwa a bencin baya, ta rufe fuska da mayafi. Wata biyu ke nan da muka binne mijinta. Yaron da ke mana kiɗa bai tashi ba. Ya rage ƙara, ya aza hannun hagu ya danna maɓalli uku, ya bar amon ya yi ta tafiya har ya ɓace, sannan hannun dama ya shiga lalube a hankali kamar mai neman ƙofa cikin duhu. Ba waƙar littafi ba ce, ba kuma wadda kwaya ta taɓa koya ba. Daga baya na ce masa, "Ɗana, wace waƙa ce wannan?" Ya ce, "Mama, ni ma ban sani ba. Na ga tana kuka, na rasa abin faɗa."

Tun ranar maganar take cina. Sa'ad da mugun ruhu ya dami Sarki Shawulu, 1 Sama'ila 16:23 ta ce Dawuda ya ɗauki garaya ya kaɗa, sarki ya sami sauƙi. Ayar ba ta ce ya raira ko kalma ɗaya ba. Annabi Elisha ma, a 2 Sarakuna 3:15, sai da ya sa aka kawo masa makaɗi, ana cikin kiɗan ikon Ubangiji ya sauko masa. Ashe akwai addu'ar da baki ya gaza, yatsa ya iya.

To amma 'ya'yana, a nan tsorona yake. Wanda ke bin waƙar da aka rubuta yana da wurin ɓuya, domin wani ne ya tsara masa hanya. Kai da ka saki hannu ba takarda, ba ka da mafaka. Abin da ka cika kunnenka da shi daga Litinin zuwa Asabar, shi zai ɓulɓulo ranar Lahadi. In son a gan ka ne a zuciya, muna jin sa daga benci: fasto na addu'a, kai kana gudu sama da ƙasa, ka kunna gangar cikin na'ura, har tsohuwa ta rasa inda za ta ce amin. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Kun san ma'anar sunan abin da kuke taɓawa? Wani Ba'italiye, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙera shi wajen shekara ta 1700. Abin da ya bambanta shi da na gabansa, yana amsa nauyin yatsa: ka taɓa da sauƙi ya yi raɗa, ka danna ya yi tsawa. Shi ya sa aka kira shi "a hankali da ƙarfi" da harshensu. Da aka gajarta sunan, "a hankali" ɗin ne ya rage. Cikakken piyano maɓalli 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36. Namu na lantarki 61 ne kawai, yaron nan kuwa ban ga ya taɓa rabinsu ba a wannan yamma.

Kada kuma wani ya fake da "Ruhu zai bishe ni" ya ƙi koyo. Zabura 33:3 ta nemi sabuwar waƙa, ta kuma nemi gwaninta, a aya ɗaya. Dawuda a daji wajen kiwo ya saba da garayarsa, tun ba mai jinsa sai tumaki. Ka koyi waƙoƙin littafi har su zauna a hannunka. Ka zo da wuri, ka kaɗe ƙurar hunturu daga maɓallan, ka durƙusa kafin ka kunna. In ka fara, ka bar wa shiru rabonsa.

Mu ma iyaye da laifinmu. Da zarar an sa albarka sai jan kujeru da maganar adashi, alhali wani a gefe bai gama da Allahnsa ba. Ni ranar na ajiye littattafan na zauna. Ya kusan rabin sa'a yana kaɗawa kafin matar ta share ido, ta ɗaura ɗankwalinta, ta fita neman keke zuwa Romi.