Turo Min Takardunka

Akwai maganar da na gaji da ji daga bakin manya: "Turo min takardunka, zan yi wa wani magana." Ƙanena ya gama karatu bara, tun daga nan duk babban da ya ji labarinsa sai ya faɗi haka, har da dafa masa kafaɗa. Yaro ya kwana yana gyara takarda, ya tura ta WhatsApp, alamar nan ta koma shuɗiya, an gani ke nan. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Bayan wata 3 a haɗu, kuma shi ne zai fara tambaya: "Har yanzu ba ka samu wani abu ba?" Haba Kawu!

Ni ban ce dole a sama masa aiki ba, ai ba a aljihu ake ajiye shi ba. Amma wanda ya shekara 20 yana aiki ya san yadda ake tantance masu nema. Minti 10 ba za su gagare shi ba, ya karanta shafi biyu, ya ce cire wannan, ƙara wancan, ga irin tambayoyin da za a yi maka. Ko sisi ba zai kashe ba.

Sai kuma Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, da ya dage sai yaro ya bi ofis-ofis da takardu a hannu kamar zamaninsu. Ya je. Mai gadi ya ce masa a intanet ake cikewa. Da ya dawo ya faɗa, Baba ya ce shi ne dai bai iya magana ba.