Kwal a Bakin Maƙera

(Maƙera Assada, Sakkwato, bayan La'asar. Maƙeri na zuga wuta. Buzu maigadi ya ɗosana butar shayinsa a gefen garwashin ba tare da neman izini ba. Ticha na fifita da tsohuwar jarida.)

Maƙeri: Ticha, ka ga tirelolin da sunka wuce Kalambaina jiya? Gawayi har baki! Wane daji anka ƙone haka?

Ticha: Ba itace ba ne, kwal ne. Daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, a gasa siminti da shi a kamfanin siminti na Kalambaina.

Buzu: Ka ji bawana! Shekara da shekaru gaban wuta, bai san dutse na ci ba.

Maƙeri: Kai da ba ka da ko murhu, mi ka sani?

Buzu: Mu muna da Sonichar, kamfanin kwal na Nijar, arewa da Agadas. Tun 1975 aka kafa shi. Shi ke ba Arlit wuta, inda ake haƙar yuraniyom.

Maƙeri: Shi ya sa ka baro wutar taku ka zo kana satar tawa.

Ticha: Ai namu ya girme nasu nesa ba kusa ba. A 1909 Turawa suka gano kwal a ƙasar Udi, kusa da Inugu. Zuwa 1916 an shimfiɗa dogo har Fatakwal don a riƙa kai shi bakin teku. Garin Inugu kansa kwal ne ya tara shi.

Maƙeri: To wa ka saye?

Ticha: Jirgin ƙasa. A lokacin kwal ake watsa masa da shebur, ruwa ya tafasa, tururi ya ja tarago. Da haka aka kwashi gyaɗar Arewa.

Maƙeri: Wane jirgi? Wanda ya zo Ƙauran Namoda ya ce ya gaji?

Buzu: An gaya masa akwai maƙera gaba, ya ji tsoron a mai da shi fartanya.

Ticha: Ku bar dariya tukuna. Mutanen da ke shiga ramin kwal sun ga ta kansu, ga zafi, ga duhu, ga albashi ba ya kai wata. Da suka yi zaman dirshan kan haƙƙinsu a mahaƙar kwal ta Iva Valley da ke Inugu, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe musu wuta. Mutum 21 suka mutu.

Maƙeri: Inna lillahi! Don sun nemi guminsu?

Ticha: Shi ke nan laifin. Abin ya ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙaimi. A 1950 aka kafa kamfanin kwal na ƙasa, aka ce duk Nijeriya shi kaɗai zai haƙa. A 1956 aka buɗe tashar lantarki a Oji da ke aiki da kwal. Ƙarshen shekarun 1950 abin da ake fitarwa a shekara ya haura tan 900,000.

Maƙeri: Buhu nawa ke nan?

Ticha: Ban iya lissafinsa da buhu ba.

Maƙeri: To karatun mi kac yi?

Ticha: Tsaya ka ji. A 1956 ɗin nan dai aka samu man fetur a Oloibiri. Jirgin ƙasa ya koma shan dizal. Aka gama madatsar Kainji a 1968, lantarki ya koma hannun ruwa. Ga yaƙin basasa, aka gudu aka bar ramuka, ruwa ya cika su.

Maƙeri: Wanga ni na san shi. Awa ranar da matan gari sunka gano bokitin roba, sai ka ganni ina kora ƙuda.

Ticha: A 1999 gwamnati ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, kamfanin kwal na ƙasa kuwa ya yi ta ja da baya har ya daina haƙa. Yanzu sai irin na Maiganga a Gombe, da masu siminti ke haƙa don kansu.

Maƙeri: To ni ma gobe in sa diga nan bayan maƙera. Wa ya sani?

Buzu: Haƙa mana. Kamu biyu za ka faɗa shaddar Liman.

Maƙeri: Ɗauke butarka!

Buzu: Bari ya ƙara tafasa. Ticha, ramukan nan na Inugu, ka ce ba a aiki, ba kowa, ba abin ɗauka?

Ticha: Kusan haka.

Buzu: Don Allah rubuta mini takarda. Ina son gadinsu.