Mai ƙwazo ya cancanci mintunansa a filin hoki

A wasan hoki na kan ƙanƙara, babu abin da ke hannun koci da ya kai mintuna daraja. Wasa minti 60 ne, an kasa shi zango uku na minti ashirin-ashirin. Ban da mai tsaron raga, mutum biyar ke cikin fili daga kowane ɓangare, uku 'yan gaba, biyu 'yan baya. Minti 300 ke nan koci zai raba, idan ba a kori kowa na ɗan lokaci ba. A gasar NHL ta Amurka da Kanada, ƙungiya kan zo da 'yan wasa 18 da masu tsaron raga biyu, galibi 'yan gaba 12 da aka jera layi huɗu, sai 'yan baya shida da ke shiga bibbiyu. Da raba daidai ake yi, kowane ɗan gaba zai tashi da minti 15, ɗan baya kuma 20. Amma ba haka ake yi ba. Babban ɗan baya kan kai minti 25, ɗan layi na huɗu kuwa wani lokaci da ƙyar yake ganin takwas ko goma. Duk mintin da aka ƙara wa wani, daga hannun wani aka karɓo shi.

Saboda haka idan koci ya tsaya gaban 'yan wasansa ya ce wanda ya yi aiki shi zai buga, alkawari ya ɗauka mai tsada. Ni ina goyon bayan wannan alkawari ɗari bisa ɗari. 'Yan wasa ba sa auna koci da jawabin da ya yi musu a ɗakin sauya kaya, suna auna shi da sunan da ya kira idan saura minti biyu a tashi. Matsalar ita ce kociyoyi da dama na furta maganar ba tare da sun tsaya sun fayyace abin da suke kira aiki ba, ko ranar biya, ko irin kuɗin da za su biya da shi. A nan tsarin ke rushewa, har mutane su ɗauka ra'ayin ne ba shi da kyau.

Mu fara da aikin kansa. Gumi ba shi ne ma'auni ba. Akwai ɗan wasan da ke ta zirga-zirga a fili, ya bangaji wannan, ya daki katanga ta yi ƙara, 'yan kallo su yi ta tafi, alhali ya bar gurbinsa a buɗe, abokan hamayya suka bi ta nan. Wannan ganin ido ne. Aikin da ya cancanci lada abu ne da za a iya ƙirgawa. Idan aka ƙwace ɗan faifan robar nan da ake bugawa, shin ɗan gaba ya juyo nan take da taku uku masu ƙarfi zuwa gida, ko sai da ya yi doguwar kwana yana zamiya a hankali? Idan faifan ya maƙale a kusurwa, ya shiga ya yi kokawa a kansa, ko ya tsaya nesa yana miƙa sanda? Sandarsa na ƙasa tana tare hanyar miƙa faifai, ko tana rataye a ƙugunsa? Ya tsaya cak a gaban raga inda ake shan duka, ko ya wuce ya zagaya baya? Ya sa jikinsa ya tare harbi? Faifan nan bai wuce faɗin inci uku ba, nauyinsa kusan giram 170, amma daskararriyar roba ce, wanda duk ya tare shi da idon sawu ya san abin da ya taka. Mataimakin koci ɗaya da takarda da biro ya isa ya riƙa sa alama a gaban kowane suna, kuma abubuwa huɗu ko biyar sun wadatar. Idan suka kai goma sha, babu wanda zai riƙe su a ka.

Akwai ma'auni guda da nake ganin ya fi duka bayyana halin ɗan wasa, wato tsawon zamansa a fili kafin ya sauka. A hoki ana canji ana cikin wasa, ba a jiran alƙali ya busa. Shiga ɗaya ta ƙwararru ba ta cika wuce daƙiƙa 40 zuwa 50 ba, domin gudu ne na iya ƙarfi, kuma bayan haka ƙafa kan yi nauyi, tunani ma ya ragu. Ɗan wasan da ya zauna daƙiƙa 80 yakan ji kamar sadaukarwa yake yi. A gaskiya laifi biyu ya yi: ya ci rabon layin da ke biye da shi, kuma rabin lokacin nan a gajiye ya yi shi. Abin ya fi muni a zango na biyu, lokacin da aka sauya gida, benci ya yi nisa da ragar da ƙungiya ke karewa. Wanda ya makara a nan sai ya tarar an tsare shi a gidansa ba numfashi. Idan ya wurga faifan can ƙarshen fili don ya huta, dokar NHL tun 2005 ta hana ƙungiyar da ta yi haka canza 'yan wasa, dole gajiyayyun su tsaya a sake jefa faifai a gabansu. To kocin da ya ga ɗan wasa ya yi daƙiƙa 40 na haƙiƙa ya sauka da gudu, ya kamata ya san ya ga ƙwazo, ko da babu wanda ya tafa masa.

Sai batun biya. Lada ya zo da wuri, in ba haka ba ba a gane dalilinsa. Idan yaro ya yi atisayen Talata da Alhamis kamar ransa zai fita, a wasan Asabar ya kamata ya ga bambanci, ba bayan wata biyu ba. A cikin wasa ma haka ne: layi na huɗu ya shiga ya tsare abokan hamayya a gidansu, ya jawo musu laifi, to a sake tura shi kafin zagayensa ya zo, a faɗa masa dalili a kunne da kalma biyar.

Kuma a biya da kuɗi mai kyau. Mintuna ba ɗaya ba ne. A saka yaro lokacin da ake cin ƙungiya biyar da nema, saura minti uku, wannan ba lada ba ne, kuma shi ma ya sani. Mintunan da ke da daraja su ne farkon wasa, da farkon zango, da shigar da ke biyo bayan an zura ƙwallo, da minti na ƙarshe ana kare nasarar ƙwallo ɗaya, lokacin da abokan hamayya suka cire mai tsaron ragarsu suka ƙaro mutum na shida. Akwai kuma lokacin da aka kori ɗan wasanku na minti biyu, kuka rage huɗu gaban biyar. Wannan gurbi kamar don masu ƙwazo aka yi shi. Ba ya buƙatar gwanintar hannu sosai, yana buƙatar karatun wasa, da tsayawa a layin harbi, da juriya. Koci mai hankali yakan buɗe wannan ƙofa ga ɗan layi na uku ko na huɗu, ta nan zai samu ƙarin minti biyu ko uku masu nauyi a kowane wasa, ya san ana buƙatarsa.

Masu suka na da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa wasa don a ci ake yi, ƙwallo kuwa gwani ke zura ta. Gaskiya ne. Idan ƙungiya ta samu rinjayen mutum ɗaya, biyar gaban huɗu, wanda ya iya harbi da miƙa faifai ya kamata a tura, ba wanda ya fi kowa zuwa atisaye da wuri ba. Kocin da ya ajiye gwaninsa a irin wannan lokaci don kawai ya nuna shi mai adalci ne, ya zalunci sauran 17 da suka wahala don a ci wasan. Ƙwazo ba ya mai da ɗan layi na huɗu ɗan layin farko cikin dare ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya motsa mutum a cikin iyakar iyawarsa: mai minti tara ya koma 12 ko 13, gwanin da ya yi sakaci ya sauko daga 20 zuwa 16. Wannan tazara ta minti uku ko huɗu ita ce filin da koci ke da shi, kuma ta isa ta canza halin ƙungiya gaba ɗaya.

Amma sai dokar ta hau kan kowa. Ranar da gwani ya ƙi komawa gida da gudu aka zura musu ƙwallo, sannan aka sake tura shi kamar ba abin da ya faru, ranar alkawarin ya mutu. Duk benci ya gani. Daga nan za su gane akwai shafaffu da mai, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ba sai an wulaƙanta gwanin ba. Ya rasa shiga ɗaya ko biyu, a gaya masa dalili a natse, a mayar da shi. Hukuncin zaman benci na minti biyu da koci ya yi wa tauraro ya fi jawabi goma tasiri a kan sauran.

Wani kuskuren da ke ɓata tsarin shi ne haɗa kuskure da lalaci a kwando ɗaya. Yaron da ya gwada miƙa faifai ta tsakiya aka tare, ya yi kuskure. Yaron da ya tsaya yana kallo bayan an tare, ya yi lalaci. Na biyun ne ya cancanci benci. Idan aka zaunar da na farkon, darasin da zai ɗauka shi ne kada ya ƙara gwadawa, sai ka ga ƙungiya kowa na jefar da faifai da ya taɓa sandarsa, yana waiwayen benci. A kuma lura cewa ƙwazo ba fuska ɗaya gare shi ba. Mai doguwar ƙafa da ya iya zamiya yakan yi kamar ba ya wahala alhali ya riga kowa isa, gajere kuma yakan yi kamar yana yaƙi ko da bai je ko'ina ba. Ido kaɗai na yaudara, shi ya sa takardar nan da bidiyo ke da amfani.

Tarihin tsohon ɗan wasan hoki Martin St. Louis ya nuna abin da ake asara idan ƙofa a rufe take. Gajere ne, tsawonsa bai wuce santimita 173 ba, babu ƙungiyar NHL da ta zaɓe shi a zaɓen matasa. Calgary ta ɗauke shi, ta ajiye shi a layukan ƙasa, ta sallame shi a 2000. Ya koma Tampa Bay, a nan mintunansa suka yi ta ƙaruwa, har a 2004 ya fi kowa maki a gasar, aka zaɓe shi gwarzon shekara, ƙungiyarsa ta ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar. A 2022 ya zama kocin Montreal. Gwanintar tana tare da shi tun farko, wurin nuna ta ne bai samu ba.

A wajen yara kuwa, ina ganin dole a sassauta. Ƙasa da shekara 12, kowane yaro da ke zuwa atisaye ya kamata ya samu rabo kusan daidai, a riƙa juya layuka bi da bi har kusan ƙarshen wasa. Dalilin ba tausayi kaɗai ba ne. Tun a 1985 masanin nan Roger Barnsley da abokan aikinsa suka nuna cewa a manyan ƙungiyoyin hoki na Kanada, waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun fi na ƙarshenta yawa nesa ba kusa ba. Ana raba rukunin shekaru daga 1 ga Janairu, don haka ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda a rukuni ɗaya. A shekara tara wannan tazara ce babba a tsawo da ƙarfi. Babban yaro ya ci kokawar kusurwa, koci ya ce ya fi ƙwazo, ya ƙara masa mintuna, ya ƙara gogewa, ƙaramin kuma ya zauna har ya gaji ya daina zuwa. Hukumar hoki ta Amurka ta fito da tsarin renon 'yan wasa a 2009 wanda ya mai da hankali kan ƙananan yara su riƙa buga wasa a gicciyen fili, don kowa ya riƙa taɓa faifai sosai. A wannan mataki, ladan ƙwazo ya zama fara wasa, ko jagorantar atisaye, ko shigar ƙarshe, ba hana wani yaro zango guda ba. Daga shekara 13 zuwa 14 a fara buɗe tazarar a hankali, amma da ƙasan da ba a sauka ƙasa da shi.

Duk wannan sai an faɗe shi tun kafin a fara kakar wasa, a rubuce, a gaban 'yan wasa, idan yara ne har da iyayensu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka rage wa mintuna ya ji daga bakin koci kafin ya gani a allo, su biyu kawai, kuma a ba shi abu guda da zai gyara. “Ka ƙara himma” ba ta gaya masa komai. A ce masa: a wasan jiya sau huɗu aka ƙwace faifai kana gaba, sau ɗaya ka riga abokin karawarka dawowa layin tsakiya, idan ka kai uku cikin huɗu ranar Asabar, kai zan fara turawa idan aka kori ɗayanmu. Idan Asabar ta zo ya kai ukun, alƙali ya ɗaga hannu don korar ɗayansu, koci ya dafa kafaɗarsa ya tura shi.